Ranar da na rasa alƙibla a cikin rairayi

Shekarun baya na so in zama ɗan tseren mota, saura kaɗan kuma in zama.

Abokina ne direban. Tare muka taso a unguwar Zahir a Makka, shi ya shiga tseren a-kori-kura a sahara har ya zama sana'arsa, ni kuma ina jigilar alhazai daga unguwar Kudai zuwa Harami. A irin tseren nasu mutum biyu ne a mota, mai tuƙi da mai nuna hanya. Da mai nuna masa hanya ya yi aure ya ajiye aikin, sai na liƙe masa. Na ce ba lungun da ban sani ba a Makka, ko ido a rufe zan kai mutum Arfa. Kujerar nan nake so, wallahi har mafarkinta nake yi.

Bai yi musu ba, ya ce mu fita gwaji. Muka yi nisa da gari, ya sassauta iskar tayoyi, muka faɗa rairayi. Ina riƙe da na'urar nuna hanya ina faɗin dama da hagu, shi yana tuƙi cikin natsuwa kamar mai zuwa cefane. Ban yi kuskure ba, har na fara ganin hotona da kofin gasa a hannu.

Da la'asar ya tsaya, ya kashe na'urar, ya karɓi wayata ya jefa a aljihu. Muka yi alwala, ya ce, "Yalla, ja mu salla."

Na miƙe na ɗaga kai ina neman hasumiyar agogon Harami. Tun da aka gina ta, ita nake dubawa in tayar da salla, kafin nan kuma inda mahaifiyata ta shimfiɗa darduma nan nake bi. Na juya, na sake juyawa, tudun yashi ne kawai ko'ina. Ni da aka haifa a Makka, na rasa inda Ka'aba take.

Bai yi dariya ba. Ya dubi rana, ya dubi inuwar motar, ya kama kafaɗata ya juya ni. Bayan mun sallame ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, in ina gudu ba na ganin komai sai abin da ka faɗa mini. Ranar da na'urar nan ta mutu, wa zai mai da ni wurin 'ya'yana?"

Na ji zafi ƙwarai, na daɗe ba na ɗaga wayarsa. Ya ɗauki wani, suka yi shekaru suna tsere har ya yi ritaya da ƙafafunsa.

Yanzu haushin ya wuce, na gane hanyar da na ce na sani, gari ne yake riƙe mini ita. Kwanaki muka fita sahara shan shayi da 'ya'yansa, la'asar ta yi, ya ce in ja salla. Na dubi rana, na dubi inuwa, na tsaya. Ina sauraron hannunsa a kafaɗata, sai na ji ya tayar da iƙama.