Kyamara a Cikin Bokitin Daddawa

Shekarar da Allah ya kira ni aikin Hajji, 'yan shekaru ne bayan an dawo mulkin farar hula an ƙaddamar da Shari'a a Kano. Ni manomi ne a Fassi, kuma kafin wannan tafiya ban taɓa wuce Zariya ba. Ana saura kwana uku mu tafi sansanin alhazai, ƙanen matata ya zo gidana. Mai hoto ne, yana da shago kusa da tasha a Rano. Ya zauna a kan tabarma, ya ciro wani abu naɗe da hankici, ya ajiye a gabana a hankali kamar ƙwai.

Kyamara ce irin wadda ba ta cin fim, ana ɗauka a ga hoton nan take a bayanta. Kowa a dangi ya san babur ɗinsa ya sayar ya saye ta, kuma tun daga lokacin a ƙafa yake zuwa biki da suna. Ita ce jarinsa.

Ya ce, "Yaya, ka tafi da ita. Ka ɗauko mana Madina da Dutsen Arfa. Inna ta gani, ni kuma in wanke babba in rataya a shago. Zan lallaɓa da tsohuwar kyamarata kafin ka dawo."

Inna ita ce mahaifiyarsu, surukata, wadda ta yi shekaru tana burin zuwa har ƙafafu suka ƙi.

Na ce, "In ta ɓata fa?"

Ya ce, "In ta ɓata sai ka zauna can ka nemi aikin shara."

Na ce masa ai ƙasa mai tsarki zan je. Ya ce ɓarayi ma sun san da haka, shi ya sa suke zuwa. Ya rubuta mini yadda ake kunna ta da inda ake dannawa a takarda da manyan baƙaƙe, saboda a lokacin na shekara biyu a ajin yaƙi da jahilci, ina karanta abu in an ba ni lokaci.

Kwana biyu ina tunanin inda zan ɓoye ta. Aljihu ba zai yi ba, don harami ba shi da aljihu. Akwati kuwa shi ɓarawo yake fara buɗewa. Ina cikin wannan tunani na ga matata tana jera daddawa a ƙaramin bokitin roba mai murfi, guzurina, don an ce abincin can ba ya riƙe cikin Bahaushe. Sai na tambayi kaina, a duk tsawon rayuwata na taɓa jin an yi satar daddawa? Ban taɓa ji ba. An saci akuya, an saci keke, an saci takalmi a bakin masallaci, amma daddawa ko an bar ta a bakin hanya sai dai ƙuda.

Na sa kyamarar a cikin safa, na ɗaure a leda uku, na binne ta a tsakiyar bokitin. Matata ta tsaya tana kallona. Sai ta ƙara daddawa a kai.

A filin jirgi na'urar duba kaya ta gan ta. Ma'aikacin ya kira ni gefe ya ce, "Baba, mene ne wannan a cikin daddawa?" Na faɗa masa a hankali. Ya buɗe murfin, ya rufe da sauri, ya ce in wuce, Allah ya karɓi ibada.

Kwana takwas ɗin Madina dabarar ta yi aiki. Mu shida ne a ɗaki, duk 'yan ƙaramar hukumar Kibiya. In sun tafi masallaci sai in ɗan jinkirta, in tono ta, in fita in ɗauki abin da zan ɗauka, in dawo kafin su dawo in mayar. Ba wanda ya kalli bokitin. A lokacin kowa yana murna da shinkafa da kaza.

A Makka ne abin ya sauya. Sati biyu ana cin shinkafa da kaza da gurasa, bakin kowa ya mutu. Matan da ke hawa na sama a masaukinmu suka fara tuƙa tuwo a kan ɗan murhun lantarki. Suna da kuka, suna da busasshiyar kuɓewa, amma daddawar da suka zo da ita ta ƙare tun a Madina. Ni kuwa kullum da safe sai na sa hannu a bokiti na taɓa na ji tana nan. Ko na wanke da sabulu sau uku, wani abu yakan rage.

Wata rana muna sahun azahar, bayan sallama, abokin ɗakina, wani dogon mutumin Durba mai sayar da hatsi, ya shaƙi iska ya ce, "Malam, a sahun nan akwai mai daddawa."

Na ce, "Mutane da yawa ne a sahun."

Ya ce, "Na hagu da ni Bature ne. Kai ne na dama."

Kafin magariba labari ya kai hawa na sama. Aka fara aiko mini da gaisuwa. Mutanen da ban taɓa gani ba suka san mahaifina, wata ta ce kakarta 'yar Fassi ce. Da farko na bayar, dunƙule biyu nan, uku can, daga sama. Ranar da na sa hannu na ji leda a ƙarƙashin dunƙule ɗaya tak, sai na rufe murfin na fara cewa a yi haƙuri.

Rowa a gida ma abin kunya ce, balle a Makka, ga Ka'aba ana hange daga kan titi. Ƙarya kuma ba zan yi ba in ce ta ƙare, bokiti ga shi ana gani. Gaskiyar ma ba ta faɗuwa, don in na faɗi inda na ɓoye abu, ban ɓoye ba ke nan. Saboda haka sai in ce a yi haƙuri kawai, in sunkuyar da kai. Suka sa mini suna a masaukin. Ba zan rubuta shi a nan ba, har yanzu akwai masu tunawa.

Mutumin Durba yakan zauna a bakin gadonsa ya dubi bokitin ya ce, "Alhaji, wai gado za a raba da ita ne?"

In ce, "Tukuna ban zama Alhaji ba."

Ya ce, "A haka kuwa da sauranka."

Daga nan na daina barin ɗakin in ba dole ba. Bokitin da na zaɓa don ba mai kallonsa ya zama abin da aka fi kallo a duk ginin. Akwai masu sabbin agoguna da rediyo a ɗakin nan, a kan gado suke barinsu su fita.

Ana gobe za mu fita Mina, na ce yau dai sai na yi la'asar a Harami. Na tura bokitin ƙarƙashin gado, na jingina akwati a gabansa. Da na dawo na tarar da akwatin a inda na bar shi. Bokitin ne babu.

Na zauna a ƙasa. Abin da ya fara zuwa raina shi ne ƙanen matata yana tafiya a ƙafa daga Rano zuwa gidan biki, ba babur, yanzu kuma ba kyamara.

Mutumin Durba yana yanke farce. Bai ɗago ba ya ce, "Hajiyar Nariya ta hawa na sama ce ta zo. Maigidanta kwana uku bai sa komai a ciki ba, ya ce in ba miyar kuka ba a ƙyale shi. Na ce ta ɗauka. Allah zai ba ka ladan ko ba ka so."

Na hau matakala. Hawan mata ne, ba a shiga, sai na tsaya a bakin ƙofa ina sallama. Na yi ta kai sau biyar kafin ta fito. Dattijuwa ce gajera, ta girme ni da kamar shekara goma, wannan zuwanta na biyu. Hannunta ɗaya da ludayi.

Na gaishe ta, na tambayi mai jiki. Ta ce da sauƙi, ya ci malmala biyu. Na ce Allah ya ƙara sauƙi.

Ta ce, "Abinka kake nema."

Na ce, "Eh, Hajiya."

Ta ce, "Na zura hannu na ji abu mai tauri. Na ce bawan Allahn nan har dutse yake sawa don ta yi auki." Ta juya ciki ta dawo da safar a hannu, ledojin a kwance. "Wa ya ba ka wannan shawara?"

Na ce, "Ni na ba kaina."

Ta ce, "Da alama."

Na ba ta labarin duka, da babur ɗin da Inna. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Yanzu gobe a ina za ka sa ta, kai da za ka ɗaura ƙyalle biyu?"

Na nuna mata jakar da ake ɗaurawa a ƙugu, irin wadda aka raba wa kowa.

Ta ce, "Wannan ai kowa ya san abin da ke cikinta. Bar ta a wurina."

Ni aka ba amana, ba a ce in ba wani ba, kuma ban san matar nan ba sai yau. Amma ta riƙe abin awa biyu ba wanda ya sani, da ta so da ta ce daddawa kawai ta gani. Na ce to. Ta ce akwai lalita a ɗaure a jikinta ƙarƙashin zane biyu da hijabi, wanda zai kai hannu wurin sai ya shirya. Daddawar kuma ta ce ba ta dawowa. A ranar kowane ɗaki ya samu miya, har aka aiko mini da tawa, sunan da suka sa mini dai bai bar ni ba.

Ranar Arfa na je bakin tantin mata na yi sallama. Hajiya ta fito da maigidanta, ya ji sauƙi yana dogara sanda. Ta miƙo mini kyamarar, na buɗe takardata na karanta, na ɗauki dutsen da mutanen da ke kansa fari fat. Tana tsaye tana jira. Ina gamawa ta miƙo hannu. Na ce ko in ƙara ɗaya. Ta ce dutsen ɗaya ne.

Kashegari a wurin jifa cunkoso ya matse mu, ƙafata ta daina taɓa ƙasa na ɗan lokaci. Da na fito na tarar ba takalmi ɗaya, jakar ƙugun kuma igiyarta kawai ta rage. Ban san ko yanka ta aka yi ko tsinkewa ta yi ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Tabarau ne a ciki da takardar nan mai manyan baƙaƙe. Da na gaya wa Hajiya, ta ce Allah ya mayar da alheri, ta ci gaba da tankaɗen kuka.

Bayan an gama aiki na nemi ta ba ni kayana. Ta ce sai mun sauka Kano. A Kano na sake nema, ta ce sai Rano. Maigidanta ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, ka haƙura. Ni fasfo ɗina ma yau kwana arba'in ban gan shi ba."

A tashar Rano dangi sun taru. Ƙanen matata ya rungume ni, amma idonsa yana kan hannuwana. Hajiya ta ce, "Wane ne mai hoton?" Ya matso ya durƙusa ya gaishe ta. Ta juya baya, ta ɗan daɗe tana kwance-kwance, sannan ta miƙa masa safar.

Ya zare ta, ya kunna. Ta kawo wuta. Ya duba gilashin gaban, ya duba bayan, ya danna yana wuce hotunan ɗaya bayan ɗaya. Wasu sama ce kawai, wasu akwai yatsana a gefe, amma Madina ta fito, dutsen ma ya fito. Ya kai ta kusa da hanci, ya dube ni.

Hajiya ta ce, "Kada ka tambaye shi. Ka kai wa tsohuwa ta gani."

Ya sa ta a aljihun gaba ya dafe da hannu, ya nufi gida da sauri. Ni kuma na nemi benci a inuwa na zauna kafin a gama sauke kaya.