Malam Ishawu da Dutsen Ɗan Tasin Rum

Duk mai sallar asuba a masallacinmu na Port Richmond ya san wurin zaman Malam Ishawu: can gefen hagu, kusa da hita, saboda gwiwarsa. Ana sallamewa zai biya shagon Anti Zeinabou ya sha koko a tsaye, ya rataya tsohuwar jakarsa, ya kama bas zuwa St. George, inda ake shiga jirgin fito a tsallaka zuwa Manhattan. A cikin jirgin fito baƙi na ta ɗaukar hoton ruwa, shi kuwa yana zaune da jan biro yana duba aikin ɗalibai, leɓɓansa na motsi. Wanda bai san shi ba sai ya ɗauka lazimi yake yi. Latin yake karantawa, ko Girkanci irin na da can.

Sama da shekara ashirin ya yi yana koyar da harsunan nan a wata kwaleji a Manhattan. Bai zama babban farfesa ba, ko ofis nasa na kansa bai samu ba. Ajin 'yan farko ake ba shi, inda ake fara koyon baƙaƙe. A bana, 2017, gwiwar ta ce ya isa haka, ya ajiye aiki. Ni ban yi boko mai nisa ba, kaya nake jerawa a shago, amma na ga bai kamata mutum irin wannan ya koma gida shiru ba.

A zangon Kumasi aka haife shi. Ya sauke Alƙur'ani kafin ya shiga sakandaren da ya fara cin karo da Latin, daga nan ya bi abin har jami'a. Mu a nan mun daɗe ba mu gane aikinsa ba. Wasu na ce masa malamin harshen matattu. Sai ya yi dariya ya ce, "Matattun nan sun fi ku daɗin hira, ba sa katse mutum."

Yana da wata ƙa'ida a ajinsa. Duk ɗalibin da ya gama zango a hannunsa, sai ya ɗauki wani abu daga karatun ya juya shi zuwa harshen gidansu, ya je ya karanta wa wani babba. Mai Sifaniyanci ya kai wa kakarsa, mai Twi ya kai wa uwarsa. Turanci ba ya karɓa a wannan aikin.

To, cikin ɗalibansa har da Hamdatu, 'yar Alhaji Gariba. Alhaji Gariba direban tasi ne, kuma shi ne shugaban ƙungiyarmu ta jana'iza. In baƙo ya rasu a garin nan ba shi da kowa, wayarsa ake fara kira. Shi zai yi wanka, shi zai nemo kabari, shi ne na ƙarshen barin maƙabarta. Wata rana ya buɗe littafin 'yarsa ya ga hoton gunki. Ranar gidan bai ji daɗi ba. Ya ce da zarar zangon nan ya ƙare, ko ta koma karatun nas, ko ta bar makarantar gaba ɗaya. Malam kuwa, ko sun haɗu a sahu, gaisuwar Alhaji ba ta wuce ta fatar baki.

Malam bai yi musu da shi a masallaci ba. Wata Lahadi bayan azahar sai kawai ya buɗe gaban tasin Alhaji ya zauna.

"Yau ba na aiki," in ji Alhaji.

"Ba aiki ba ne. Ziyara za ka raka ni. Wani direba ne ya rasu, baƙo, ba shi da kowa."

"Inna lillahi! Yaushe, ban ji ba?"

"An ɗan kwana biyu."

Alhaji ya tada mota. Shi da kansa yake ba da labarin nan, shi ya sa na san shi. Ya ce da suka tsaya a ƙofar wani gidan tarihi a Manhattan, inda ya sha sauke fasinja bai taɓa leƙawa ba, sai ransa ya ɓaci. Suna shiga ya ja hula ya rufe ido.

"Malam, ka ji tsoron Allah! Da alwalata ka kawo ni gidan gumaka? Ko wando ba su da shi!"

"Kalli ƙasa, Alhaji, ni ne idonka."

Haka ya riƙe masa hannu har wani lungu. A nan Hamdatu take tsaye tana jiransu, kusa da wani ƙaramin dutse wanda ba hoton komai a kansa sai rubutu. Yarinyar nan a garin nan aka haife ta. Tana jin Hausa, amma duk abin da ubanta ya faɗa, "Yes, Daddy" ce amsarta.

Malam ya ce, "Hamdatu, karanta wa babanki. Ban da Turanci."

Ta fara karanta Latin ɗin, sannan ta shiga Hausa, tana tuntuɓe.

"Wannan dutsen kabari ne, Baba. Sunansa Feliks. An haife shi a Afirka. Ya mace a Rum. Yana tuƙa keken alfadari, yana ɗaukar mutane haya."

Alhaji ya ɗaga hula. "Ke! Ɗan tasi ne?"

"E, Baba. An ce ba shi da dangi a garin. 'Yan ƙungiyarsa, direbobi, su suka binne shi, suka sa masa dutse."

"Wa ya yi masa wanka?"

"Ba a rubuta ba. An dai ce 'yan ƙungiya."

"To su ne. Kullum su ne."

Alhaji ya ƙura wa dutsen ido. Can ya tambayi Malam ko mutumin musulmi ne. Malam ya ce, "Ya riga zuwan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da ɗaruruwan shekaru. Ba zan ɓoye maka ba, Alhaji, a littattafanmu akwai gumaka. Karanta labarinsu muke yi, ba bauta musu ba. Amma akwai irin wannan bawan Allah ma a ciki. In ba wanda ya koyi harshen, wa zai sake kiran sunansa?"

Alhaji ya juya ga 'yarsa. "Sake karantawa, a hankali. Kuma ba 'ya mace' za ki ce ba, 'ya rasu' ake cewa. Mutum ne. In aikin nan za ki yi, ki yi shi da kyau."

Shi ke nan, maganar barin makaranta ba ta sake tasowa ba. Hamdatu ta gama digirinta, ta shiga na gaba, kuma ajin 'yan farkon nan da Malam ya bari, ita aka ba wa.

Malam Ishawu, kai ne mai haƙurin koya wa babba baƙaƙe ba tare da ka kunyata shi ba. Kai ne aka yi wa dariya shekara da shekaru, ba ka rama ba, ba ka kuma fasa shiga jirgin safe ba. Mutumin da ke yi maka gaisuwar fatar baki, hannunsa ka riƙe. Mun gode, Malam. Allah ya ba gwiwarka lafiya, ya sa ka ci moriyar hutunka.

Mu kuma da ke da wani ilimi ko sana'a a garin nan, mu yi koyi da shi, kada mu bar ta a wurin aiki. Mu kai ta gida, da harshen da iyayenmu suke ji. Masu 'ya'ya a jami'a kuma, kafin ku yanke hukunci, ku zaunar da su su karanta muku.

A walimar da muka yi wa Malam a ƙasan masallaci, Alhaji Gariba ne ya miƙe na ƙarshe. Bai yi dogon jawabi ba. Cewa ya yi, "Mutumin nan ya shigar da ni gidan gumaka ido rufe. A can na fara jin 'yata ta yi mini Hausa." Sai ya koma ya zauna a gefen hagu, kusa da hita, kafaɗarsa na taɓa ta Malam.