Burtalin da Aka Shata a Rairayi

Matso kusa ka ji wani abu da har in koma ga Mahaliccina ba zai fita raina ba. Ni dai ban yi karatu mai nisa ba, aji huɗu na yi a lakwal ɗin ƙauyenmu, can wajen Korgom, aka ce ya isa haka. Amma abin da kunnena ya ji, ya ji ke nan.

Shekarar fari ce, zamanin mulkin soja. Gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone, rumbuna suka koma wurin kwanan kaji. Motar soja kan zo jefi-jefi da jar dawa, a yi layi cikin rana a auna wa kowa. Ana cikin haka malaminmu, da muke ce wa Mushe, ya zo mana da labarin da muka ɗauka zolaya ce. Wai hamadar nan ta arewa, tun kafin kakannin kakanninmu, kore ce shar, ga koguna ga dorinar ruwa, har mutanen wancan zamani sun zana shanunsu a jikin duwatsu. Sai ya raba mu ƙungiya-ƙungiya, ya ce kowace ta je ta tsara yadda ƙasar za ta kasance da ruwan bai janye ba.

A ƙungiyarmu akwai ƙawata, ɗiyar Fulanin da ke zaune bayan gonarmu. Tun ina goye babanta ke kwantar da shanunsa a gonar Baba da rani don taki, Baba ya ba shi damin gero, Inna ta karɓi nono. To a damanar nan shanunsa, da yunwa ta gigita, suka faɗa wa ɗan abin da ya tsira a gonar suka cinye tas. Tun ranar ko sallama ba ta ƙara haɗa su ba. Ga shi an ce da an ci kasuwa mai zuwa zai kora ragowar dabbobinsa kudu, ba ranar dawowa. Ni da ita abin da ke cin ranmu ke nan: haka iyayenmu za su rabu?

Muka share fili a gindin gawon bakin lakwal, muka zana ƙasarmu a rairayi. Kogi da toka, gonaki da karare, shanu da kashin awaki. Mu ɗiyan manoma kuwa muka shuke ko'ina, har bakin ruwa. Ƙawata ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"To shanuna ta ina za su sha? Fiffike gare su?"

"Su zagaya mana," in ji wani ɗan ajinmu.

"Su zagaya? Kai ka taɓa kora saniya mai ciki?"

Gardama ta kaure har muka kai ta gidajenmu. Washegari da hantsi sai ga dattawa, da ma ba aikin gona, sun taho wai kallon shirmen yara. Baba na cikinsu. Baban ƙawata ma ya zo wucewa da sanda a kafaɗa, ya tsaya daga nesa. Mushe ya soma bayani cewa ai darasi ne kawai, ba wanda ya bi ta kansa. Wallahi mutane da furfurarsu suka tsuguna suna jayayya kan gonar kara da kogin toka, kamar gobe za a yi shuka. Wani tsoho har rantsuwa yake fadamar can tasa ce, shi ya fara ganin ta.

Baba ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wane wawa ya shuka bakin mashaya? Ƙasa ba burtali, ai faɗa kuka shuka, ba hatsi ba." Ya sa yatsa ya ja wa dabbobi hanya daga daji zuwa kogi.

Sai muka ji murya daga baya: "Kaɗo, wannan hanyar shanu ce ko ta ƙadangare?"

Haka baban ƙawata ke kiran Baba can da, lokacin suna wasa.

Baba bai ɗaga kai ba ya ce, "To zo ka faɗaɗa, tunda kai da su nono ɗaya kuka sha."

Ya matso, ya sa gindin sanda ya buɗe hanyar, ya tumɓuke karare biyu.

"Ka sake ci mini gona," in ji Baba.

"Wannan karon da izininka."

Aka fashe da dariya, baban ƙawata bai yi ba. Ya ce a hankali, "Da ruwan nan na nan, da ban yi maka ɓarna ba."

Baba ya ce, "Da yana nan, da ban riƙe ka a zuciya ba. Yunwa ce ta ci mu duka." Ya miƙa masa hannu, duk toka.

Ranar tafiyarsu Baba ya raka su har bayan gari, Inna ta ƙulla wa ƙawata kuka da daddawa a bakin zane. Ban ƙara ganin ta ba. In tana raye, yanzu ita ma kaka ce kamata, kuma na tabbata har yau ba a cin ta gardama.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, wani lokaci mutum ba ya iya faɗin abin da ke ransa a duniyar da yake ciki, sai an ara masa wata ya tsaya a kai. Kai fa, wa kake riƙe da shi a zuciya kan laifin da, in ka duba da kyau, halin da kuka shiga ne ya yi shi, ba shi ba?