Mai Lema Bai Mutu a Fagge Ba

Mun tashi da asuba daga Zariya ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da Baba da ƙanena da ya ja motar, sai wani tsohon gwangwanin alewa da Baba ya rungume a cinya ya ƙi yarda a sa masa a but. Ku da kuka dame ni da tambayar me ya kai ni Kano ba biki ba suna, to ga labarin. Wani Bature ne ya mutu a Ingila, mu kuma muka kama hanya.

Bari in warware muku. Tun kafin a haife ni, Baba ya yi shekaru yana haska fim a wata silima a Fagge. Cikin duk 'yan wasan da suka bi ta injinsa akwai wani dogon Baturen Ingila da 'yan kallo suka laƙaba wa Mai Lema, don a fim ɗin da aka fara saninsa da shi ba ya rabuwa da baƙar lema, ana ruwa ko ba a yi. Sunansa na gaskiya bai taɓa zama a bakin kowa ba. Makon jiya na ci karo da labarin mutuwarsa a waya, na nuna wa Baba hoton. Ya kai wayar har dab da hancinsa, saboda yanar ido ta ci ƙarfinsa, wata mai zuwa ma za a yi masa aiki, likita kuma bai yi mana alkawarin komai ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Za ki kai ni Kano tun ina ganin hanya. Akwai haƙƙin mutum a kaina."

An kwana ana ruwa, don haka hanya a wanke take. Wajen Kwanar Dangora muka tsaya sayen dafaffen ƙwai, ƙanena ya ji kuɗin guda ɗaya ya tambayi mai tallan ko kazar ma za a haɗo masa. Daga nan har Kura gonakin shinkafa ne kore shar, hazon safiya na kwance a kansu, balbelu na tsaye ciki kamar an manta da su. A nan Baba ya buɗe gwangwanin. Ni da na tashi ina ganinsa a ƙasan akwatinsa, ban taɓa ganin cikinsa ba sai ranar.

Guntayen zaren fim ne fal, wasu tsawon yatsa, wasu ba su kai ba. Ya ce a zamaninsu fim kan tsinke ana tsakiyar kallo, bango ya yi fari fat, jama'a su ɗauki ihu suna zagin mai majigi. Sai ka yi maza ka datse wurin da ya ƙone da almakashi, ka haɗa da gam, ka ci gaba. Abin da aka datse shara ake zubawa. Shi kuwa in ya ga fuskar Mai Lema a jiki sai ya jefa aljihu.

Na riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya ta gilashin mota, Baba na ba ni labari ido a rufe. Ga shi nan saurayi cikin kayan soja, wuya siriri. Ɗan mai gyaran agogo ne a wani gari na bakin teku, in ji Baba, a dandamalin wasan kwaikwayo ya fara, ya yi shekara uku yana ɗaukar kujeru da jan labule kafin a ba shi maganar da ba ta wuce layi biyu ba. Ga shi da lemarsa a bakin gada. Ga shi ya yi gemu ya zama mugu, shekarar da 'yan Fagge suka yi fushi da shi suka riƙa jifan bango da ɓawon rake. Ga shi da furfura cikin rigar alƙali. Na ƙara wa Baba abin da na karanta, cewa da fina-finai suka daina nemansa dandamali ya koma, yana fitowa a sarki tsoho har gwiwa ta hana shi hawa matakala. Baba ya gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin ɗan unguwarsu. Gonaki na wucewa ta bayan fuskar mutumin, har na fara jin kamar tare da shi muke a motar.

Na ce, "Baba, kai da ba ka jin Turanci, wa ya gaya maka duk wannan?"

Ya ce, "Rasaki."

Rasaki abokinsa ne, Bayarabe haifaffen Fagge, mai sayar da kwanuka. Shi yake karanta masa takardun da ke zuwa cikin akwatin fim, shi kuma Baba ya ba shi kujera a ɗakin inji kusa da 'yar tagar da haske ke fita. Wata shekara mahaifin Rasaki ya rasu. Aka yi addu'ar kwana takwas irin tasu, aka watse, Rasaki ba ci ba magana. A makon ne sabon fim ɗin Mai Lema ya iso. Baba ya gwada shi da rana shi kaɗai, ya ga mutumin ya fito a dattijon matuƙin jirgin ruwa, ya sauke kowa a ƙananan kwale-kwale, a ƙarshe ya yanke jiki ya faɗi, lemar ta gangara cikin teku. Da yamma sai ga Rasaki ya hawo ɗakin inji, karo na farko tun rasuwar. Baba ya dubi fuskarsa, ya juya baya, ya ɗauki almakashi. Daren nan fim ya ƙare Mai Lema na tsaye a kan jirgi, lema a sama, gari na wayewa. Rasaki ya sauka ya sayi tsire ya ci.

Tunda ya yanke a ranar farko, sai ya bar shi a haka har aka gama nunawa, Fagge kaf ta tafi a kan cewa matuƙin ya tsira. Da za a mayar da fim ɗin ya liƙa ƙarshen, amma ya riƙe kamu biyu, daidai wurin faɗuwar. Bayan wata biyu wani ɗan'uwan Rasaki ya zo daga Ibadan, ya ce ai shi ya kalli fim ɗin can, mutuwa Mai Lema ya yi. Gardama ta kaure a bakin shago. Rasaki ya kira shi maƙaryaci a gaban mutane, ya kuma sa Baba shaida. Baba ya ce, "Abin da ka gani shi na haska." Baƙon ya haɗa kayansa washegari, zumuncinsu bai ƙara komawa daidai ba. Da silimu suka mutu Baba ya dawo Zariya yana gyaran rediyo, maganar tana cikinsa shekara arba'in da ɗoriya.

Gaskiya dariya na fara yi. Na ce yanzu a kan wannan muka ƙona mai har Kano? Sai na ga ya rufe gwangwanin ya ƙara rungume shi, kunya ta kama ni, na mayar da ido kan hanya har muka shiga Na'ibawa a bakin Kano.

Kano ta karɓe mu da cunkoso da hon. Muka ajiye mota a gidan wata gwaggonmu a Fagge, ta cika mu da gurasa bandashe mai ƙuli da yaji har ƙanena ya fara hawaye yana cewa daɗi ne. Muka tare A Daidaita Sahu, direban ya faɗi kuɗi, Baba ya ce a zamaninsa da wannan Legas ake zuwa a dawo. Direban ya ce, "To Baba ai da ka zo a zamanin." Muka kutsa tsakanin masu turin dilolin atamfa da shadda, Baba na kiran sunayen lunguna tun kafin mu kai, rabi daidai, rabi an rushe.

Silimar ta zama sito. An rufa mata kwano, an jibge diloli har sama. Mai gadin ya ji abin da ya kawo mu ya bar mu muka shiga. Can ƙurya bangon da ake haska fim na nan, farar ƙasarsa ta yi ruwan toka, ta bayanmu can sama kuma ga 'yar tagar ɗakin inji, tantabaru sun yi sheƙa a ciki. Rana ta ratso wata ɓula a rufin ta sauka a bangon. Baba ya tsaya a tsakiya yana nuna mini inda masu kujera suke zama, da inda 'yan benci suke, da inda mai shayi ke kafa tebur. Ya ce a da babu rufi, in ka gaji da fim sai ka ɗaga kai ka kalli taurari. Na rantse muku na ɗan lokaci sai da na ji kamar hayaniyar mutane a bayana, na waiwaya, diloli ne kawai.

Neman Rasaki ya ci mana rabin yini. Shagonsa na wajen Kasuwar Singa yanzu taliya da tumatirin gwangwani ake sarawa a ciki, mai shagon bai taɓa jin sunansa ba. Baba ya zauna a kan wani kwali ya ce da ƙyar, "Ko dai na makara?" Wata Hajiya mai sarin magi a shagon gaba, Bayarabiya da Hausar Kano zalla a bakinta, ta leƙo ta ce, "Baba Rasaki mai kwano kuke nema? Yana nan da ransa, bakinsa ma bai mutu ba. Ku tafi Sabon Gari shagon 'yarsa, kullum yana ƙofa yana hana ta ciniki da surutu." Muka yi azahar, muka ci amala da miyar ewedu a wata rumfa don Baba ya ce ba zai iya wannan magana da yunwa ba, sannan muka ƙarasa.

A ƙofar shagon muka tarar da Baba Rasaki, wani ɗan tsoho gajere a kujerar roba, hula a karkace. Ya ƙura wa Baba ido, ya miƙe da sandarsa.

"Mai majigi! Ashe ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ka riga ni."

Suka rungume juna suna dariya, 'yarsa ta kawo mana ruwa da benci. Aka yi gaisuwa, aka lissafa matattu. Baba Rasaki ne ya fara cewa ya ji Mai Lema ya tafi, Allah ya sa can ma da lemarsa. Sai Baba ya buɗe gwangwanin, ya lalubo wani dogon zare a naɗe daga ƙasa, ya miƙa masa.

"Ɗaga ka duba. Fim ɗin jirgin ruwa ne. Ɗan'uwanka gaskiya ya faɗa, Rasaki. Ni na yanke."

Baba Rasaki ya sa tabarau, ya ɗaga zaren saitin rana, yana ja a hankali. Daga inda nake ina hango ƙananan hotunan, mutum a tsaye, ya karkata, ya durƙusa, ya kwanta. Da ya kai ƙarshe ya sauke zaren a cinya. Masu wucewa na ta wucewa, wani na kiran ciniki a shagon kusa.

"Shekara arba'in," ya ce. "Na zagi ɗan'uwana a kan wannan. Kana tsaye."

"Ina tsaye. Shi na zo ka yafe mini."

"Wace rana ka yanke?"

"Ranar da ka hawo bayan addu'ar babanka."

Tsohon ya cire tabarau ya goge ido da bakin hularsa. Ya ce daren nan ne ya fara barci tun da aka binne mahaifinsa, kuma har yau in ya yi mafarkinsa a tsaye yake ganinsa a kan jirgi, mutumin da bai taɓa ganin teku ba. Sai ya sake ɗaga zaren, amma wannan karon ta ƙasa ya kama yana ja zuwa sama. Mai Lema ya taso daga kwance, ya durƙusa, ya miƙe tsaye.

"Ka ga ya tashi," ya ce. "Na yafe maka duniya da lahira, ɓarawon fim." Ya juya wajen 'yarsa. "Kira mini Ibadan."

Ba na jin Yarabanci, amma na ji ihun da ya fito daga wayar, na kuma ga Baba Rasaki ya zame daga kujera yana ƙoƙarin rusunawa wa mutumin da ba ya ganinsa. 'Yarsa ta raɗa mini cewa wancan tsohon cewa yake tun yaushe yake faɗa, kuma sai an biya shi da goro.

La'asar sakaliya muka kamo hanya. Baba ya bar wa abokinsa zaren, ya dawo da sauran. Kafin mu kai Kura barci ya ɗauke shi, gwangwanin ya zame gefe bai ma sani ba, muka shigo Zariya ana kiran isha'i.

Na tafi ina ganin rigimar tsofaffi ce a kan fim. Na dawo na san cewa ko don tausayi ka rufe wa mutum gaskiya, wani ne can zai ɗauki nauyinta, kuma gara ka kai masa ita tun ƙafarka na zuwa. Da safe na tambayi Baba ko yana fargabar aikin idon. Ya ce a'a, abin da yake so ya gani ya riga ya gani. Sannan ya miƙo mini gwangwanin ya ce in adana, in ido ya ƙi, ni zan riƙa ɗagawa ina gaya masa wanne ne.