Ranar Shukar da Na Sa a Takarda

Ina aiki a wani ofis a Dutse aka ɗora mini rubuta ƙasidar noman gero, irin 'yar takardar nan mai ninki uku da ake raba wa manoma. Na ce ai wannan abu ne mai sauƙi, ni da na tashi a gidan manomi a wani ƙauye kusa da Taura. Komai ya tafi daidai har na zo kan tambaya ɗaya: yaushe ake shuka?

Na hau bas ranar kasuwar Taura da littafina, na sami dattawa uku a inuwa. Na farko ya ce shi binne yake yi, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa, ruwa ya zo ya tarar. Na rubuta. Na biyu ya ce wannan ganganci ne, shi sai an yi ruwa ya tona da hannu, in danshi ya kai wuyan hannu ya ɗauki sungumi. Na rubuta. Na uku ya ce a jira watan bakwai.

"Baba, wane watan bakwai? Na Musulunci ko na Bature?"

"Na manoma mana, 'yar nan. Kowa ai ya sani."

Ni dai ban sani ba. Kafin in sake tambaya sun kaure da gardama, sun manta da ni. Na koma Limawa, unguwarmu a Dutse, kaina ya ɗaure tamau.

Na rubuta duka ukun na kai wa shugabana. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Hajiya, wannan ai hira ce. Manomi rana yake so. Ki sa rana."

"Yallaɓai, ba su ba ni rana ba."

"To ki nemo ta."

Na zazzage tsofaffin rahotannin ofis. Biyu na samu, kowanne da ranarsa, tsakaninsu kusan mako uku, ɗayan ma ban tabbata don yankinmu aka yi shi ba. Na yi ta kallonsu har na gaji. Daga ƙarshe na raba tsakiya, na sa ranar da ba wanda ya faɗa mini. Wallahi ko a lokacin ban san ko daidai na yi ba.

Da aka bugo ta yi kyau, ga hoton gero kore shar. Daɗi ya kama ni, na kai wa mahaifina ɗaya. Baba ba ya karatun boko, wani maƙwabcinsa malamin makaranta ya karanta masa. Na tarar Baba yana sussukar irinsa, wanda yake zaɓa zangarniya zangarniya tun zamanin mahaifinsa. A shekarar ƙwari sun shiga rumbu, abin da ya rage shuka ɗaya kawai zai yi. Na gani da idona, amma hankalina yana kan takardata. Ban ma tambaye shi yaushe yake shuka ba, ni da na je ina tambayar baƙi a kasuwa.

Ana jibi ranar da na sa aka yi ɗan ruwa. Daga nan sama ta ɗauke ƙafa. Da na je gida bayan mako biyu, Baba ya kai ni gona. Tsiron ya fito ya ƙone, layi layi, ko'ina fari fat. Gonakin gefe kuwa ba a ko taɓa su ba, masu su suna jira.

Mutumin nan tun ina ƙarama ban taɓa ganin ya shuka bai tona ƙasa da hannu ba.

"Baba, ba ka tona ba ne?"

"Na tona, Uwata. Danshin bai kai ba."

"To me ya sa ka shuka?"

Ya zaro ƙasidar daga aljihu, a naɗe cikin leda don kada ta yi datti. Ya dube ni da mamaki.

"Ai ke kika rubuta."