Tsinken Kwalli da Motar Baba

Shekarar da har garin kwaki ya gagari mutane, Baba ya tafi Kudu neman aiki. Tsohuwar motarsa mai ruwan toka ya bari a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya. Tun yana koyarwa yake lallaɓa ta, bai taɓa yarda an sauya mata launi ba.

Da damina ta kusa, Baffa, ƙanin Baba, ya shigo ya ce wa Inna tsatsa ta fara cin motar. Ranar kasuwar Bici zai kawo mai fenti a mayar da ita launin tasi, ta shiga haya.

"Tsatsar ce dai matsalar?" in ji Inna.

"Ita ce."

"To, Allah ya kai mu."

Inna ba ta fita waje, don haka aikin kawar da tsatsar kafin ranar ya faɗo kaina, ni da ko gaisuwa sai an matso ake jin muryata. Amma na san tabban tsatsar nan duka, ƙanana kamar ƙwayar gero, inda tsakuwar hanya ta ɓantare fentin. A but ɗin motar muka sami ragowar fentin Baba a gwangwani, ya yi kauri. Inna ta juye kananzir ɗin fitilarmu ta tsinka shi, ta miƙo mini tsinken kwallinta.

Kullum na taso daga makaranta sai in durƙusa gaban dattawan da ke hira a dakali. In goge tabo da toka da tsumma har ƙarfen ya yi fari, in ɗiga fenti da kan tsinke, in jira ya sha iska.

"'Yar Malam, kwalliyar Sallah ake yi wa amaryar?" in ji mai unguwa.

Ban ɗago ba, ban kuma tashi ba.

Fentin ya ƙare saura tabo ɗaya, a ƙasan ƙofar baya.

Ranar kasuwa Baffa ya iso da mutuminsa. Sabon fentin ya fi tsohon duhu, duk jikin motar ɗigo-ɗigo.

"Wa ya mayar da ita zabuwa?" in ji Baffa. Dattawa suka yi dariya.

Na je na jingina da ƙofar baya, zanena ya rufe wurin.

"Baffa, tsatsa ka ce. Ina take?"

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Ya zagaya motar yana kankara da farce, mai fentin na biye da shi, har suka dawo inda nake.

"Matsa."

"Nan Baba ya ce in jira shi."

"Ƙyale yarinya mana," in ji mai unguwa. "Ka ga tsatsa ko ba ka gani ba?"

Baffa ya kaɗe rigarsa suka tafi. Ban bar jikin ƙofar ba sai da ƙarar babur ɗinsu ta ɓace bayan gonakin dawa.