Sunan Bahago a Takardar Garin Gilashi

Gwaggona, yayar mahaifina, shekara talatin da ɗaya ta yi tana auna gari a ɗakin bincike na wani kamfani. A can Mai Sikeli ake ce mata. Garin ba na girki ba ne. Wani farin gari ne da suke kira nano, wanda ƙwayarsa ɗaya sai an tsaga silin gashi gida dubu kafin a kai ƙanƙantarta. Idan aka dama shi aka shafa wa gilashi, ruwa ba ya kama gilashin, datti ma haka. Muna yara mukan tambaye ta ko ta taɓa ganin ƙwayar da idonta. Sai ta ce, "Ni da ita ba mu taɓa haɗuwa ba, amma ita ke ciyar da ni."

Su uku ne a ɗakin. Akwai Dakta, shugabansu, mai karatu da rubuce-rubuce. Akwai ita. Sai mai kula da tanderu da injin damawa, wani siririn mutum mai barkwanci da ake kira Bahago, don da hagu yake komai.

Shekara biyu garin yana ba su wahala. Da an dama shi sai ƙwayoyin su dunƙule, gilashin ya fito dishi-dishi kamar an shafa masa madara. Dakta ya canja lissafi ya fi sau ɗari. Wata rana injin ɗumama ruwa ya lalace, Bahago ya ƙi zaman jiran mai gyara. Ya dama da sanyi, yana ɗiga ruwan ƙarshe ɗigo-ɗigo maimakon ya juye shi gaba ɗaya. Gilashin ya fito tas.

"Mai Sikeli, zo ki gani," in ji shi. "Ashe shegen garin nan lallashi yake so, kamar surukina."

Ya rubuta yadda ya yi a ɗan littafinsa na aljihu, da kwanan wata. Bayan wata biyar ya fara tari. Da aka kwantar da shi asibiti ya ba Gwaggo littafin, ya ce ta riƙe masa kafin ya dawo. Bai dawo ba. Likita ya ce huhu ne. Wasu suka ce sigari, wasu suka ce garin, don a shekarun farko ba kullum suke rufe hanci ba.

Ba a yi wata biyu da rasuwarsa ba kamfanin ya kira lauya don neman takardar mallaka, wato takardar da hukuma ke bayarwa mai nuna wanda ya ƙirƙiro abu, ba kuma mai yin irinsa sai da izini har shekara ashirin. Aka zauna a ɗakin taro, aka kawo shayi. Lauyan ya karanto sunayen da za a sa: na Dakta, na manajan kamfanin, sai na Gwaggo, tunda ita ta maimaita gwajin har ya tabbata. Sannan ya ɗago kai.

"Akwai wani kuma da ya sa basirarsa a ciki?"

"Sauran masu bin umarni ne," in ji Dakta.

Littafin Bahago yana cikin jakar Gwaggo, jakar tana kan cinyarta. Ta gaya mini daga baya cewa tana jin kaurinsa a ƙarƙashin tafinta. Ba ta taɓa ganin sunanta a bugaggiyar takarda ba, ga shi an buga shi daidai, har da na mahaifinta. Ta kurɓi shayinta, ta bar littafin a cikin jakar.

Sikelin da take aiki da shi yana cikin akwatin gilashi, don ko numfashi aka yi kusa da shi sai lambar ta motsa. Bayan takardar ta fito, sai ya zama idan ta rufe akwatin, ba komai a kai, lambar ba ta tsayawa a sifili. Ta ɗan hau, ta sauka, ta hau, ta sauka, a hankali, kamar ƙirjin mai barci. Tsakar rana ne fa, ƙofa a rufe, fanka a kashe. Mai gyara ya zo sau uku, ya ce lafiyarsa lau. Aka sayo sabo, shi ma haka, amma a hannunta kawai. Sabuwar ma'aikaciyar da aka ɗauka ta ce ta sha jin Gwaggo tana cewa ƙasa-ƙasa, "Bahago, ɗan matsa mana, ina aiki." Ta ce lambar takan tsaya.

Wani lokaci kuma tari take ji daga wajen tanderu, gajere sau biyu, irin nasa. Ba ta waiwayawa.

A gida ta zama wata iri. An ba ta kwafin takardar a firam, ta kife shi a bayan kabad. Idan muna cikin mota aka fara ruwa, ta ga ɗigon yana gangarowa daga gilashin wani babban gini bai bar alama ba, sai ta kawar da kai. Babana yakan tsokane ta. "Yaya, ke da duniya ke amfani da aikinki, kike zama kamar wadda ta yi sata?" Ranar da ya faɗi haka ba ta ci abinci ba.

Sai da ta yi ritaya da shekara biyu ta kira ni, don ni ce mai rubuta wasiƙu a gidanmu. Ta ajiye littafin a gabana. Rubutun duk ya karkata baya.

"'Yata, ana gyara irin takardar nan?"

"Gwaggo, ai wa'adinta ya ƙare. Kowa na iya yin garin yanzu."

"Ban tambaye ki gari ba. Suna na tambaye ki."

Na bincika, aka ce ana iya ƙara suna idan waɗanda ke kan takardar suka yarda. Manaja ya rasu. Kamfanin ya ce ba ruwansa, tunda ba abin da zai rage masa. Saura Dakta. Muka same shi a gidan ɗansa, a keken guragu, ɓarin jikinsa ya shanye. Gwaggo ta buɗe masa shafin da ke littafin Bahago. Ya daɗe yana kallo.

"Na san shi ne," in ji shi, bakinsa a karkace. "Tun ranar na sani. Na zaci ke za ki faɗa."

"Ni kuma na zaci kai za ka faɗa, ranka ya daɗe."

Ya sa hannu da ƙyar, ɗansa na riƙe masa takardar.

Wata goma sha ɗaya aka ɗauka kafin amsa ta zo: shafi guda, da hatimi, da layi biyu da suka ƙara sunan Bahago. Matar Bahago ta riga ta rasu. Muka nemo 'yarsa, tela ce, tana da shago a bayan tashar mota. Ta karanta shafin tana tsaye, tef ɗin awo a wuyanta, ta ajiye shi a kan keken ɗinki.

"Na gode," in ji ta. "Mama, ke kin zauna da shi. Ina da shekara shida ya rasu. Yana da fara'a kuwa? Ni tarinsa kawai nake tunawa."

Gwaggo ta zauna a kan benci. Ta ba ta labarin ranar da ya sa wa manaja gishiri a shayi ya ce gwaji ne, da yadda yake yi wa tanderu waƙa idan ya ƙi zafi. Telar ta yi dariya har da hawaye. Can ta tsagaita.

"Garin ne ya kashe shi?"

"Wallahi ban sani ba, 'yata. Abin da ya shaƙa shi na shaƙa. Na san dai abin da ni na yi masa, shi ne na zo in gaya miki." Ta gaya mata zancen ɗakin taro, da jakar da ke kan cinyarta, ba ta rage komai ba.

Telar ba ta ce ta yafe ba. Ta koma kan keke ta ƙarasa hannun rigar da take ɗinki, mu muna zaune. Da muka tashi tafiya ta ce, "Ki dawo ran Laraba, shagon ba ya cika."

Shekara huɗu Gwaggo tana zuwa shagon duk Laraba. Da ciwo ya kwantar da ita, ni da telar muke karɓa-karɓar jinya. Ana gobe za ta rasu, da hantsi, telar ta jawo kujera kusa da gadon za ta zauna. Gwaggo ta buɗe ido, ta kalli kujerar, ta kalle ta.

"Ɗauko wata, 'yata," in ji ta. "Babanki na kan wannan."

Telar ta tsaya riƙe da bayan kujerar. Sannan ta sake ta a hankali, ta fita baranda ta ɗauko wata.